Ba Duk Ƙwaro ne Maƙiyi ba: Sharhi a kan Masu Gadin Lambun Gida a Birnin Zazzau

Tsadar kayan miya a 'yan shekarun nan ta mayar da magidanta da matan aure da dama a cikin birnin Zariya ga tsohuwar al'adar shuka abin miya a gida. Wani ya share kangon da ke jikin gidansa ya zuba kuɓewa da yakuwa, wata ta jera buhuna cike da ƙasa da taki a gindin katanga ta dasa tumatir da attaruhu, wani kuma yana da 'yar garka a bakin kududdufi. Da zarar shuka ta yi kore sai ƙwari su bayyana, a nan kuma ra'ayi ke rabuwa. Mafi yawan mutane na ɗaukar duk abin da ke motsi a kan ganye a matsayin ɓarawo, maganinsa kuwa feshi. Wasu kuma, musamman masu kallon bidiyon noma a waya, sun ji an ce akwai furannin da in aka shuka su an rabu da ƙwari har abada. Duka biyun akwai gyara a cikinsu. Wannan sharhi zai fayyace waɗanne ƙwari ne ke kare shuka, yadda suke aikin, abin da ke korarsu, abin da ke jawo su, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Ƙwarin ɓarna su ne masu cin ganye, fure, 'ya'ya ko saiwa, da masu tsotse ruwan jikin shuka. A lambun gida waɗanda aka fi fama da su sun haɗa da darɓa, farin ƙuda, tsutsotsi iri-iri, fara, da ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa. Cikin nau'o'in ƙwari kusan miliyan ɗaya da masana suka tantance a duniya, masu ɓarnar amfanin gona kaɗan ne ƙwarai.

Ƙwari masu amfani kuwa kashi uku ne. Na farko mafarauta, masu kama wasu ƙwari su cinye. Na biyu masu dasa ƙwai, wato waɗanda uwarsu ke saka ƙwanta a jikin wani ƙwaro ko a cikin ƙwansa, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye mai masaukinsa daga ciki. Na uku masu barbarar fure, irin su ƙudan zuma, da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan har shuka ta yi 'ya'ya. Kashi biyun farko ne masana ke kira maƙiyan ɓarna na halitta. A ilimin kimiyya gizo-gizo ba ya cikin dangin ƙwari saboda ƙafafunsa takwas ne, amma a aikin lambu yana sahun gaba cikin mafarauta.

Akwai kalmomin aro biyu da za su riƙa fitowa. Kemikal a nan na nufin maganin feshi da aka haɗa a masana'anta. Bairas kuma ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda darɓa da farin ƙuda ke ɗauka daga shuka mai ciwo su kai wa mai lafiya.

Yaƙar ƙwaro da ƙwaro shi ma hanya uku ne. Akwai shigo da maƙiyin wani baƙon ƙwaro daga ƙasarsa ta asali, wanda aikin gwamnati da cibiyoyin bincike ne. Akwai kiwon ƙwari masu amfani a ɗakin gwaji a riƙa sakin su a gona. Sai kuma rainon waɗanda dama suke wurin, ta hanyar daina kashe su da samar musu abinci da mafaka. Wannan ta ukun ce ta shafi mai lambun gida, kuma ba ta buƙatar sayen komai.

Yadda ake gane su

Wanda ya juya ganyen wake da darɓa ta kama, ya tsaya ya duba da kyau, zai ga ba darɓar ce kaɗai a wurin ba. Sau da yawa akwai wani ɗan ƙwaro mai tudun baya, girmansa bai kai ƙwayar wake ba, mai sheƙi, ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo ko zane baƙi. Wannan babban macin darɓa ne, yakan cinye gommai a yini. Ƙwansa ruwan ƙwai ne, a tsaitsaye, a cure wuri ɗaya kusa da darɓar. Tsutsarsa ce aka fi zalunta, domin ba ta kama da uwarta ko kaɗan: doguwa ce, baƙa-baƙa, mai kaushin jiki da ƙafafu shida da ɗigon ruwan lemo, tana kai da kawowa da sauri. Mai lambu kan gan ta ya murtsuke, alhali kafin ta girma takan cinye darɓa ɗaruruwa. Sai dai a kula, wannan ƙwaro yana da ɗan uwa mai cin ganyen kabewa, gurji da kankana. Shi jikinsa ba ya sheƙi, yana da ɗan gashi mai laushi, kuma inda ya ci sai ka ga ganyen ya koma raga-raga.

A cikin tarin darɓar kuma za a iya ganin wasu sun kumbura, sun bushe, sun koma ruwan ƙasa, wasu da ɗan rami zagayayye a bayansu. Wannan aikin wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro ne da ya dasa ƙwai a cikinsu, ramin kuwa ƙofar da ɗansa ya fita ce. Haka in aka ga tsutsar kabeji ko ta masara ta lafe, jikinta ko gefenta da fararen kwanso ƙanana a jere, an riga an gama da ita, kuma kowane kwanso sabon mai gadi ne zai fito daga ciki. Cire irin wannan ganye a ƙona asara ce.

Akwai kuma wani ƙuda mai zanen ƙudan zuma da kan tsaya cak a iska a gaban fure. Ba ya harbi. Babbansa ruwan fure yake sha, tsutsarsa kuwa, wadda ba ta da ƙafa, darɓa take tsotsa. Haka wani koren ƙwaro siriri mai fukafukai garai-garai da kan zo wurin fitila da dare. Ƙwansa a kan wani siririn zare yake rataye a ƙarƙashin ganye, tsutsarsa kuma ba ta barin darɓa ko ƙwan tsutsa.

Sauran kowa ya san su, aikinsu ne ba a cika lura da shi ba. In aka fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a jikin bango, wani lokaci za a tarar da shi maƙare da korayen tsutsotsi da ya sumar ya ajiye wa ɗansa, ko da yake akwai nau'in da gizo-gizo yake tarawa. Rina na farautar tsutsa ta tauna ta kai wa 'ya'yanta. Ƙoƙi-ƙoƙi mafarauci ne, amma ba ya zaɓe, har ƙudan zuma yana kamawa, don haka amfaninsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Bayan ƙwari kuma akwai ƙadangare, hawainiya, tsaka, kwaɗo, jemage da tsuntsaye, duk suna cikin aikin.

Tushen al'amarin

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na huɗu aka rubuta cewa manoman lemo a kudancin ƙasar Sin na sayen sheƙar wata tururuwa su rataya a bishiya don ta kore musu ƙwari. A tsakanin 1888 da 1889 aka ceto gonakin lemo na Kalifoniya a Amurka da wani ƙwaro mai ɗigo-ɗigo da aka kawo daga Ostareliya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne magungunan kemikal, musamman DDT, suka mamaye noma har aka yi watsi da tsohon sani. Littafin da wata marubuciya, Rachel Carson, ta fitar a 1962 a kan illar waɗannan magunguna ya farkar da mutane da yawa. A 1986 gwamnatin Indunusiya ta hana fesa wa shinkafa magunguna iri 57, bayan an gano cewa feshin ne ke kashe gizo-gizo da sauran mafarauta, har wani ƙwaro mai tsotsar shinkafa ya zama annoba.

Afirka ma tana da nata labarin. A shekarun 1970 wani baƙon ƙwaro mai farin gari a jiki ya afka wa rogo, ya bazu a ƙasashe da dama. Masanan cibiyar IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka samo maƙiyinsa a Kudancin Amurka, wani ɗan mitsitsin zanzaro, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981. Annobar ta lafa, Herren kuma ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. A ƙasar Hausa kuwa, cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshen Maraɗi, ta daɗe tana aiki da wani ɗan zanzaro na gida a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Akan zuba gero da tsutsar da aka kiwata da 'yan matan zanzaron a ƙaramin buhun algarara, a rataya a ƙauye, su hayayyafa a ciki su fita ta ramukan buhun su bazu cikin gonaki.

A Zariya kanta akwai abin da ya kamata a tuna. An kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma na cibiyar, David Norman, ya yi nazari a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, ya nuna cewa gauraya gero, dawa, wake da gyaɗa a gona ɗaya, wadda wasu ke wa kallon ci-baya, hikima ce mai riba da rage kasada. Shi lissafin kuɗi da ƙwadago ya duba, amma nazarin masana ƙwari a wurare da yawa ya nuna cewa gonar da aka gauraya ta fi wahalar mamayewa ga ƙwaro iri ɗaya, kuma ta fi riƙe maƙiyansa.

Me ya sa feshi kan ƙara ɓarna?

Manoma da yawa na ƙorafin cewa sun yi feshi, bayan mako biyu darɓa ta dawo fiye da da, sai su zargi maganin da zama jabu. Jabun magani yana nan a kasuwa, amma ko mai kyau ne hakan na iya faruwa, saboda dalilai huɗu.

Na farko, yawancin magungunan da aka fi saye ba sa bambance maƙiyi da masoyi, kuma mafarauta sun fi shiga haɗari domin su ne masu yawo a kan ganyen da aka fesa, alhali darɓa na lafe a ƙarƙashinsa, wasu tsutsotsin kuma suna cikin ɗan itacen. Na biyu, saurin haihuwa ba ɗaya ba ne. Darɓa ba ta buƙatar namiji, 'ya'ya take haifa da rai, kuma cikin mako guda 'yar ita ma ta fara haihuwa. Maƙiyinta yana buƙatar makonni kafin ya farfaɗo, don haka 'yan tsirarun da suka tsira sai su samu fili babu mai tsawata musu. Na uku, waɗanda suka tsira su ne masu jure maganin, jikokinsu kuma su gaje su, har maganin ya daina ci. Na huɗu, kashe mafarauta na ba wa wani ƙwaron da da ba a san da shi ba damar zama matsala, kamar jajayen mitsi-mitsin nan da ke saƙa yana a ganyen tumatir da gauta bayan an yawaita feshi.

Abin da ya samu tumatir a 2016 ya isa misali. Tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoman Arewa suka laƙaba wa suna sharon, asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso nan. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa a Kano ya dakatar da aiki, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Tsutsar tana zama ne a tsakanin fatun ganye inda feshi ba ya isa sosai, kuma tana saurin sabawa da magani. Waɗanda suka ninka feshi sun ninka kashe kuɗi, ba lallai su ga sauƙi ba.

Birnin Zariya: abin da yake da shi da abin da yake rasawa

Tsarin tsohon birni ya dace da wannan dabara. Ganuwar Zazzau, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, tun asali ta kewaye gidaje ne tare da filayen noma. Kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa na riƙe ruwa da ciyayi zuwa wani ɓangare na rani. Rimi, kuka, tsamiya, mangwaro da darbejiya na ba da inuwa da fure a lokuta daban-daban. Tsohuwar katangar ƙasa da dangar kara cike suke da ramuka da saƙo-saƙo inda zanzaro da ƙananan ƙudajen zuma masu zaman kaɗaici ke gida. Gidan da ke da zogale, lalle, shuwaka da soso a kan danga, tun kafin a zo da wannan magana yana ciyar da masu gadinsa.

Waɗannan abubuwa suna raguwa. Filaye na komawa gidaje, ana cike kududdufai, ana malale tsakar gida da siminti, ana sare manyan bishiyoyi, ga kuma maganin kashe ciyawa da ya zama ruwan dare, ana fesa shi a kan duk wani kore da ya fito a bakin hanya ko gindin katanga. Yanayi ma yana da nasa tasiri. Damina a Zariya daga wajen Mayu ce zuwa Oktoba. Da hunturu ya shigo ciyayi su bushe, a cinna musu wuta, sai lambun da ake ba ruwa ya zama shi kaɗai ne kore a unguwa. Ƙwarin ɓarna na taruwa a kansa, maƙiyansu kuwa in babu fure da mafaka ba za su zauna ba. Saboda haka babban aikin mai lambu shi ne ya riƙe su daga ƙarshen kaka har zuwa bazara.

Yadda ake jawo su a kuma riƙe su

Matakin farko shi ne dubawa kafin yanke hukunci. A riƙa zagaya lambu da safe sau biyu a mako ana juya ganye. In an ga darɓa tare da ƙwai ko tsutsar macinta, ko busassun darɓar nan masu rami, a ba su kwana uku zuwa huɗu a sake dubawa. Sau da yawa za a tarar an yi aikin.

Na biyu shi ne fure. Manyan masu dasa ƙwai da ƙudan nan mai tsayawa a iska suna rayuwa ne da ruwan zaƙin fure da garinsa, kuma bakinsu gajere ne, sai ƙananan furanni masu buɗaɗɗen baki. Ba sai an nemo iri daga waje ba. A bar 'yan tushen ɗaɗɗoya, na'a-na'a, albasa da latas su yi fure maimakon a cire su duka. A sa riɗi, karkashi da gasaya a gefe. Shuwaka na fure da rani lokacin da abinci ya yi ƙaranci, zogale kuma yakan daɗe yana fure. Wasu tsirrai ma ba sai sun yi fure ba: wake, rama, yakuwa, soso da tafasa suna da ƙananan gurabe a ganye ko a kara da ke tsatso ruwa mai zaƙi, shi ya sa ba a raba su da baƙi masu fukafukai.

Na uku shi ne gauraya. Maimakon jera buhu ashirin na tumatir zalla, a tsarma albasa, alayyafo, wake da ɗaɗɗoya a tsakani, kuma kada a maimaita tumatir, tattasai ko gauta a ƙasa ɗaya kaka bayan kaka, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Na huɗu mafaka da ruwa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindin shuka na riƙe laima, yana kuma ba gizo-gizo da ƙwarin ƙasa masu farautar dare wurin fakewa. Ƙaramin damin kara ko gora mai rami da aka rataya inda ruwa ba ya duka na zama gidan zanzaro. Da rani a ajiye kasko mai ɗan ruwa da tsakuwa a ciki don su sauka su sha ba tare da sun nutse ba, amma a zubar a sake kowane kwana biyu saboda sauro.

Na biyar ya fi wuyar karɓuwa: mafarauci ba ya zama inda babu abin farauta. Lambun da aka share ƙwari tas ba shi da mai gadi ranar da sababbi suka sauka, don haka 'yar darɓa kaɗan a ganye biyu ko uku ba abin tayar da hankali ba ce. A nan ne kuma za a sa ido a kan tururuwa da kiyashi. In aka ga suna hawa da sauka a jikin shuka, galibi zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, kuma suna korar duk mai son cin ta. Zagaye gindin shuka da busasshiyar toka da yanke reshen da ya taɓa bango na rage musu hanya.

In ɓarna ta fi ƙarfin masu gadi, a fara da abin da ya fi sauƙi: tsince tsutsa da hannu a ba kaji, cire ganyen da ya lalace, wanke darɓa da ruwa, sannan ruwan sabulu marar ƙarfi. Bayan haka sai 'ya'yan darbejiya: a daka ƙwayar ciki kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma ya tafi, a kan shukar da ta kamu kaɗai. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya tsuke saboda bairas ba ta warkewa, sai a tuge ta a fitar.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Manoman kasuwa na fadamun Kubanni da Galma da masu sayar da magani na cewa wannan hanya tana da jinkiri, mai saye kuma ba ya son kabeji mai huji, kuma wanda ya ci bashi ya yi noma ba zai zauna jiran zanzaro ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a babbar gona mai shuka iri ɗaya. Amma lissafin lambun gida daban ne: ganye mai 'yan huji bai rage daɗin miya ba, kuma shukar kaɗan ce, ana iya bin ta da hannu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu ganin duk abin da ya fito daga tsiro ba shi da illa. Ba haka ba ne. Ruwan taba guba ne mai ƙarfi ga mutum da ƙwari baki ɗaya, ruwan barkono da na sabulu mai kauri na kashe tsutsar masu amfani su ƙona ganye, darbejiya ma in an yawaita tana taɓa su. Furen nan mai suna marigol da ake yawan tallatawa, shaidar da ta fi ƙarfi a kansa ita ce rage ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa, ba korar duk wani ƙwaro ba. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan shuka fure a gefen gona sun fi nuna ƙaruwar ƙwari masu amfani, amma ƙaruwar amfanin gona ba kullum take biyo baya ba. Batun sayo ƙwari daga waje kuwa ba na ɗaiɗaikun mutane ba ne. Wani macin darɓa ɗan Asiya da aka saka a Turai da Amurka ya koma matsala, yana danne na gida.

Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa. Macin darɓa na rage yawanta, amma darɓa kaɗan ta isa ta yaɗa bairas. Cutar kuturtar gyaɗa da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975 darɓa ce ta yaɗa ta. Baƙin ƙwari irin su sharon da tsutsar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016 sukan zo ba tare da maƙiyansu na asali ba, ko da yake an gano wani ɗan zanzaro mai lalata ƙwan tsutsar masarar a Nijar da Benin. Irin waɗannan na buƙatar ingantaccen iri, tarko, tsabtar gona, wani lokaci har da magani. Shi ya sa yawancin masana ke tsayawa a tsakiya, a kan abin da suke kira haɗakar dabaru: a fara da rigakafi da maƙiyan halitta, a sa ido, kemikal ya zama makoma ta ƙarshe, zaɓaɓɓe, daidai gwargwado. Wasu na ganin irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, zai taimaka tunda yana rage feshi, wasu kuma na ɗari-ɗari da shi saboda an sauya masa ƙwayar halitta.

Damuwar iyaye ma abin dubawa ce. Rina na harbi, tarin ciyawa na iya ɓoye kunama ko maciji, ruwa kuma na kawo sauro. Mafita ita ce a cire sheƙar rina da ke zaure, ƙofar ɗaki ko inda yara ke wasa, a bar wadda ke can nesa. A yi shimfiɗar ciyawa marar kauri, nesa da ɗakin kwana. Wannan magana ba ta shafi yaƙi da sauro a ɗaki ba, gidan sauro na nan a matsayinsa.

Abin da zai iya biyo baya

Babbar riba ita ce lafiya. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da ake jira kafin a ci abin da aka fesa wa, alhali a gida kullum ake tsinkar alayyafo da yakuwa. Ga yara, ga kaji da awaki, ga rijiya a tsakar gida, ga haɗarin ajiye kwalbar guba a ɗaki. Sinadarin da ke cikin magungunan ƙwarin nan fiya-fiya da Sniper shi ne wanda ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Riba ta biyu kuɗin magani da aka huta da shi. Ta uku barbara: kabewa, gurji da kankana ba sa 'ya'ya sosai in babu ƙudan zuma, kuma abin da ya kare macin darɓa shi ke kare ƙudan zuma.

Sai dai wanda ya saba feshi ya daina zai iya ganin ɓarna ta ƙaru a makonnin farko kafin masu gadi su dawo, kuma a nan ne da yawa ke karaya. Ƙwari kuma ba su san katanga ba, don haka sakamakon ya fi kyau in maƙwabta sun yi tare, a bar bishiyoyin unguwa, a rage fesa wa ciyawar bakin hanya magani.

Kammalawa

Rainon ƙwari masu amfani ba ya kawar da ɓarna kwata-kwata. Abin da yake yi shi ne riƙe ta a matakin da mai lambu zai ci amfanin shukarsa ba tare da ya zuba guba a inda iyalinsa ke kwana ba. Ƙwarin suna nan a birni, tsirran da ke ciyar da su kuma su ne kayan miyar da aka saba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin waye waye a kan ganye. Zariya na da Cibiyar Samaru, da sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma, duk a tazarar da ba ta wuce tafiyar mota ɗaya daga Ƙofar Doka ba. In aka samar da hotunan waɗannan ƙwari, daga ƙwai zuwa babba, da bayani cikin Hausa, aka kai su makarantu, Islamiyyun mata da shagunan sayar da magani, za a rage feshin da babu dalili. Kafin nan, ƙa'idar da kowa zai iya riƙewa guda ce: kada a kashe ƙwaro sai an ga abin da yake ci.